Daga Kano zuwa Guangzhou da na'urar CPAP a hannu: nazarin tafiya guda

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan kasuwar yadi ne a Kano, mai shekara 56, wanda za mu riƙa kira Alhaji kawai. Gwajin barci ya nuna yana da cutar toshewar numfashi cikin barci, kuma mai tsanani: maƙogwaronsa kan rufe ko ya ƙuntata sau 42 a kowace awa. A lissafin likitoci, sai tsayawar numfashin ta kai daƙiƙa 10 ake ƙirga ta. Sau 5 zuwa 15 a awa shi ne mai sauƙi, 15 zuwa 30 matsakaici, daga 30 zuwa sama kuwa ya tsananta. Abin da iyalinsa suka sani shi ne minshari mai ƙarfi, sai shiru, sai ya shaƙe ya farka a firgice. Da rana ga gyangyaɗi a shago, ga hawan jini da ya ƙi jin magani.

An ɗora shi kan na'urar CPAP, samfurin ResMed AirSense 10. Aikinta ɗaya ne: ta ja iskar ɗaki ta matata, ta tura ta cikin tiyo zuwa takunkumin hanci da ɗan matsi, matsin nan ya tokare maƙogwaro kada ya rufe. Ba iskar oksijin take bayarwa ba, kuma wannan bambanci zai yi amfani a filin jirgi. Irin waɗannan na'urori na aiki ne tsakanin matsi 4 zuwa 20, a ma'aunin santimitar ruwa. Nasa an saita shi a 11. Likita Colin Sullivan na birnin Sidni a Ostareliya ne ya fara bayyana wannan hanyar magani a 1981, kuma tun daga lokacin abu ɗaya bai canja ba: na'urar ba ta warkar da cutar, tare ta take yi a daren da aka sa ta. In aka ajiye ta, toshewar kan dawo cikin dare ɗaya ko biyu.

Tafiyar kuwa ta sayen kaya ce, mako biyu: daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Adis Ababa, awa 4 da wani abu, sai jiran canjin jirgi, sannan kimanin awa 10 cikin dare zuwa filin Baiyun na Guangzhou a ƙasar Sin. A tsakiyar zaman akwai gajeriyar tafiya ta cikin gida zuwa Yiwu.

Tambaya biyu da ake yawan gwamawa

Ɗaukar na'urar cikin jirgi daban, amfani da ita a cikin jirgi daban. Na farko kusan babu kamfanin da ke hanawa, kuma ba ya buƙatar batir. Na biyu shi ne mai sharuɗɗa: sanarwa tun kafin ranar tafiya, shaidar cewa samfurin ya dace da jirgi, da wutar da mutum zai zo da ita da kansa. Yawancin rikicin da ake yi a kanta ko a ƙofar shiga jirgi daga rashin rabe waɗannan biyun yake tasowa. Matafiyi ya ce "inji ne na numfashi", ma'aikaci ya ɗauka za a kunna shi a sama ko kuma tukunyar oksijin ce, sai a shiga neman takardun da ba a tanada ba.

A zangon farko Alhaji ba ya buƙatar kunna ta. Awa 4 a zaune, ido biyu, ba matsala. Zango na biyu ne abin dubawa: dare ne cikakke, kuma washegari akwai zirga-zirga a kasuwa. Ga kuma yanayin cikin jirgi. Ana riƙe matsin iskar ɗakin fasinja daidai da na tudu mai tsayin da zai iya kaiwa mita 2,400, inda oksijin da ke shiga jini ke raguwa ko ga mai lafiya. Sababbin jirage irin su Boeing 787 kan tsaya wajen mita 1,800. Mai toshewa sau 42 a awa, da hawan jini, in ya yi barci mai nauyi a wannan yanayi ba tare da na'ura ba, raguwa ce kan raguwa. Likitansa ya ba da shawarar ya yi amfani da ita, kuma shawara ce mai kyau. Da mai sauƙin cutar ne, ana iya cewa ya haƙura da dare ɗaya, ya zauna a miƙe da matashin wuya. Wannan hukunci na likita ne, a tambaye shi kafin a sayi batir.

Batun tura ta cikin manyan akwatunan awo bai ma kamata ya taso ba. Akwati na iya makara a inda aka canja jirgi, ana jifa da shi, ana danne shi da wasu. In ya ɓace, yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ke ciki, ta iyakance diyyar kayan fasinja ɗaya gaba ɗaya. Tun daga ƙarshen Disamba 2024 iyakar ita ce SDR 1,519 (ma'aunin kuɗi na asusun IMF), wato wajen dala 2,000, kuma kuɗin ba ranar za su fito ba. Ko da sun fito, ba kuɗi mutum ke buƙata a daren farko a baƙuwar ƙasa ba.

Ko ana lissafa ta cikin jakar hannu?

Nan ne shawarwarin da ake karantawa a intanet ke ɓatar da mutanenmu, domin yawancinsu daga Amurka suke. Can akwai doka tun 1986 kan haƙƙin fasinjoji masu lalura, kuma ƙa'idojinta sun ce kayan taimakon lafiya ba sa cikin lissafin jakar hannu. Dokar ta shafi kamfanonin Amurka, da jiragen wasu ƙasashe masu tashi daga Amurka ko sauka a can. Tarayyar Turai ma tana da ƙa'ida mai lamba 1107 ta 2006 wadda ta tanadi ɗaukar kayan jinya. Amma tafiyar Kano, Adis Ababa, Guangzhou ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin ƙasashen nan ba. Abin da zai yi aiki shi ne ƙa'idar kamfanin jirgin. Manyan kamfanoni da dama na barin na'urar a matsayin ƙari, sai dai jin haka a bakin mai sayar da tikiti bai wadatar ba. A same shi a rubuce.

Lissafin nauyi zai nuna dalili. Na'urar ita kaɗai kilo 1 da gram 250 ce. In aka haɗa caja, tiyo, takunkumi da jakarta, za ta doshi kilo 3. Batura biyu su ƙara fiye da kilo 1. A ƙaramin aji yawanci kilo 7 ake ba jakar hannu. In aka lissafa na'urar ciki, fiye da rabi ya tafi.

Kwana 10 kafin tashi ɗan Alhaji ya aika wa sashen kula da masu buƙata ta musamman na kamfanin saƙon imel. Ya sa lambar tikiti, sunan samfurin, girman jakar da nauyinta, ƙarfin kowane batir, da bayani a fili cewa a zango na biyu kawai za a kunna ta. Mafi ƙarancin wa'adin da aka saba nema awa 48 ne, amma jira har sai lokacin ya matso kuskure ne, don wasu kamfanoni kan turo fom ɗin lafiya da ake kira MEDIF, wanda sai likita ya cike ya buga hatimi. Amsa ta zo, aka buga ta a takarda.

Takardu uku suka shiga aljihun jakar. Ta farko wasiƙar likita da Turanci, mai ɗauke da suna daidai da na fasfo, sunan cutar, sunan na'urar, matsin da aka saita, da jimla ɗaya mai cewa ba ta ɗauke da oksijin. Ta biyu amsar kamfanin jirgi. Ta uku takardar ResMed da ake saukewa daga shafinsu, mai tabbatar da cewa samfurin ya cika ma'aunin RTCA DO-160, wanda ke nuna na'urar ba za ta dagula kayan lantarkin jirgi ba. An kuma ɗauki hoton kowacce a waya, tare da hoton lambar da ke ƙarƙashin na'urar.

Wanda ya sayi tasa ta hannu, ya tsaya nan ya duba wani abu. A watan Yuni 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urori, ciki har da DreamStation na farko, saboda soson rage ƙara da ke cikinsu yana rugurgujewa, kuma zafi da laima na ƙara saurin lalacewarsa. A duba lambar na'ura kafin a ɗora tafiya a kanta.

Lissafin batir

Soket ɗin da ke jikin kujera ba abin dogaro ba ne. Ba kowace kujera ke da shi ba, ƙarfinsa yawanci bai wuce wat 75 zuwa 100 ba, yana yanke kansa in an ja fiye da haka, kuma ana iya kashe shi a kowane lokaci. Cajar AirSense 10 kuwa mai wat 90 ce. Shi ya sa kamfanoni ke cewa a zo da batir, da yawa kuma sun ari ƙa'idar Amurka: batirin ya isa kashi 150 cikin 100 na tsawon tafiyar, saboda jinkiri ko karkatar da jirgi. Tafiyar awa 10, a tanadi awa 15.

In an kashe abin ɗumama ruwa da na tiyo da ke jikinta, na'urar a matsi 11 tana cin wajen wat 10 zuwa 15. Mu ɗauki 12. Awa 15 sau 12 ya ba da 180 Wh, wato wat-awa, ma'aunin wutar da batir ke ajiyewa. Sai a ɗora wannan kan ƙa'idar batirin litiyam da kusan duk duniya ke bi. Wanda bai wuce 100 Wh ba yana shiga jakar hannu ba tare da neman izini ba. Daga 100 zuwa 160 sai da amincewar kamfani, kuma guda biyu kacal. Abin da ya haura 160 ba ya shiga jirgin fasinja. Batirin da ba a jikin na'ura yake ba kuwa, komai ƙanƙantarsa, ba a sa shi cikin akwatin awo, domin in ya kama wuta a ƙasan jirgi babu mai kai masa hannu da wuri. Don haka batir ɗaya mai 180 Wh ba zai yiwu ba. Mafita ita ce guda biyu masu 95 Wh kowanne, jimla 190. Ba banza masu ƙera baturan CPAP ke tsayawa tsakanin 95 da 99 ba.

Tunanin farko da ya zo wa Alhaji shi ne akwatin ajiyar wutar da yake kunna na'urar da shi a gida in an ɗauke wuta. Nasa 500 Wh ne, ya ninka iyaka sau uku. Tunani na biyu, fawa bank na waya. Ana samun Wh ne ta hanyar ninka bolt da amfiya-awa: mai 20,000 mAh a 3.7V yana da 74 Wh, don haka zai wuce bincike. Amma ba zai tayar da na'urar ba. AirSense 10 na buƙatar 24V, bakin cajarta kuma na musamman ne, da ɗan tsinke a tsakiya wanda na'urar ke gane wutar da shi. Sai da batirin da aka yi domin ta, ko na'urar juya wuta da ta dace da samfurin. Wayar haɗin AirSense 10 ba ta shiga AirSense 11, wadda cajarta wat 65 ce mai wani bakin daban. A gwada a gida, dare guda cikakke, kafin ranar tafiya.

Dole adadin Wh ya fito sarai a jikin batir. Wanda rubutunsa ya goge, mai bincike ba shi da hanyar tantancewa, kuma hukuncinsa ɗaya ne. A rufe bakin kowane batir da salatif ko a sa shi a ledarsa shi kaɗai, kada makulli ko tsabar kuɗi su haɗa wuta. Tun bayan gobarar jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu a watan Janairu 2025, kamfanoni da dama sun tsaurara: Singapore Airlines ya hana amfani da fawa bank a cikin jirgi daga Afrilu 2025, Emirates daga 1 ga Oktoba 2025. Ma'aikacin jirgi da ya ga baƙin akwati da waya a jiki zai iya ɗauka fawa bank ne. Wannan ma dalili ne na sa batura cikin rubutacciyar amincewar.

Haɗa jaka

Ruwa shi ne babban mai kashe waɗannan na'urori a tafiya. Mazubin ruwan AirSense 10, wanda ake ɗumama ruwansa don iskar ta sami laima, na ɗaukar mililita 380, kuma yana manne da jikin injin. In aka bar ko da cokali biyu a ciki, aka karkata jakar, ruwan kan bi hanyar iska ya koma cikin fanka da na'urorin auna matsi. Da safen tafiya a cire mazubin, a zubar, a goge, a bar shi a buɗe ya sha iska. Tiyo ma a rataye shi ya tsane. In ruwa ya riga ya shiga, kada a jona wuta don a ga ko tana aiki. A cire mazubi da matata, a bar ta ta bushe kwana ɗaya ko fiye.

Abin da ya shiga jakar: na'ura, mazubi busasshe, takunkumi da ɗamararsa, ƙarin robar takunkumi ɗaya, tiyo, caja da wayarta ta bango, matata biyu, batura biyu da wayar haɗinsu, adafta, wayar ƙari mai mita 3, da farar leda babba mai tsabta. Wayar bango ita ce aka fi mantawa, saboda tana rabuwa da cajar, sai a bar ta a soket ɗin gida ko wani ya jefa ta cikin babban akwati. Na'urar da babu cajarta daidai take da wadda aka bari a gida.

Kada a cusa komai cikin jakar nan da ba na jinya ba. Sassaucin da ake yi na kayan lafiya ne. Da zarar an ga takalmi ko tsaraba a ciki, ta zama jaka kamar kowacce. Turare, yaji da daddawa kuma su yi nesa da ita. Roba da matata na kama wari, kuma abin da suka kama shi mutum zai shaƙa har gari ya waye.

Tataccen ruwa bai cancanci wahalar ɗauka ba. Iyakar ruwa a jakar hannu mililita 100 ce, kuma ko da wasu ƙasashe na sassauta wa na jinya, ba kowane mai bincike zai yarda ba. Gargaɗi ɗaya da ya shafe mu: abin da ake sayarwa a bakin gareji da sunan ruwan batir ba a san tsabtarsa ba, wani ma da asid a ciki. Kada ya kusanci mazubin.

A filin jirgi

A kanta, Alhaji ya ɗora jakar a gaban ma'aikaciyar tun kafin ta tambaya, ya miƙa amsar kamfani tare da fasfo. Bayanin da ya fi aiki gajere ne: na'urar jinya ce ta barci, ba ta da oksijin, ga amincewar kamfaninku. Ta duba, ta liƙa wa jakar alamar kayan hannu. Neman wannan alama yana da amfani, don ma'aikacin ƙofar shiga jirgi ba shi ne na kanta ba.

Wajen bincike, a shirya fitar da na'urar daga jaka kamar yadda ake yi wa kwamfuta. Injin haska kaya na ganin fanka da wayoyi a cunkushe, don haka sau da yawa ana so a gan ta ita kaɗai. Hasken ba ya lalata ta, ba ya kuma goge katin bayanan da ke jikinta. Farantin da ake ɗora kaya shi ne abin ƙyama, tunda takalma ma a ciki suke wucewa; nan farar ledar ke aiki. Takunkumi da tiyo su zauna cikin jaka. Wani lokaci a shafa wa na'urar ɗan ƙyalle a sa a injin gano abubuwan fashewa, aikin minti biyu ne. Batura a fito da su a ajiye gefe, rubutun yana kallon sama. An yi wannan a Kano, an sake yi a Adis Ababa kafin shiga jirgi na biyu.

A ƙofar jirgi na biyu aka sanar cewa ma'ajiyar sama ta cika, za a karɓi wasu jakunkuna a kai ƙasa. Wannan abu ne da aka saba, kuma nan ne mutane ke rabuwa da na'urarsu bayan sun tsallake komai. Alhaji ya ba da ɗaya jakar tasa, bayan ya cire magungunan hawan jini, ya riƙe ta CPAP, wadda ke shiga ƙarƙashin kujerar gaba. Da ma can ya kamata ta zauna.

Abin da ya lalace a sama

An ba shi kujerar taga, kuma ita ce daidai, don kada tiyo ya tare wa kowa hanya. Layin ƙofar gaggawa ba a ba mai amfani da irin wannan na'ura. Lokacin tashi da sauka tana ajiye. Bayan an ci abinci ya sanar da ma'aikaciyar jirgi, ya sa na'urar a yanayin jirgi don kashe layin sadarwar da ke cikinta, ya ajiye ta inda bargo ba zai toshe mashigar iska ba, ya jona batir na farko. Mazubin babu ruwa, kamar yadda littafin na'urar ya umarta, domin in jirgi ya shiga gargada ruwan na iya bin tiyo zuwa hanci.

Bayan awa 2 da 'yan mintuna ya farka yana jan numfashi da ƙyar. Na'urar ta mutu. Batirin da aka yi lissafin zai kai kusan awa 8 ya ƙare.

Dalilin ba daga batirin yake ba. An zubar da ruwa, amma ba a kashe ɗumamawa a cikin saiti ba. Farantin da ke ƙarƙashin mazubi bai san babu ruwa ba. Muddin matakin laima na kan 4, zai yi ta zafi. Ga shi kuma tiyon da ya ɗauko mai ɗumi ne, wanda ke da siririyar waya a jikinsa, kuma cikin jirgi da sanyi, don haka ya yi ta jan wuta. Abubuwan nan biyu kan ɗaga cin wuta daga wat 12 zuwa 40, 50 ko fiye. Raba 95 da 45, za ka sami awa 2 da ɗan ɗori. Gwajin da aka yi a gida bai tona wannan ba saboda na minti 20 ne kawai, an ga ta tashi aka ce shi ke nan.

Gyaran ba wuya. A saiti a mayar da sarrafa yanayi zuwa na hannu, a kashe zafin tiyo, a kai matakin laima kan kashe. Mafi tabbas shi ne a cire mazubin gaba ɗaya a sa murfin gefe da ake sayarwa domin haka, a kuma ɗauko tiyo marar ɗumi. Da wannan babu abin da zai ja wuta sai fanka. Da ya kashe su, batir na biyu ya kai shi fiye da awa 5 har aka kunna fitilun karin kumallo, da saura.

Akwai abu na biyu da ya rage kwanan batirin, ko da yake bai kai na farko ba: yoyon iska. Barci a zaune na sa haɓa ta saki, baki ya buɗe, iskar da ta shiga ta hanci ta fita ta baki. Na'urar kan ƙara gudun fanka don cike giɓin, wuta ta tafi, maƙogwaro ya bushe. Laimar cikin jirgi da ma takan yi ƙasa da kashi 20 cikin 100, kamar tsakiyar hunturu. Ɗamarar haɓa ko takunkumi mai rufe hanci da baki na magance yoyon. Bushewar kuma a tare ta da shan ruwa da feshin ruwan gishiri na hanci, wanda kwalbarsa ba ta kai mililita 100 ba. Batun tsayi ba abin damuwa ba ne ga wannan samfuri, yana daidaita kansa har zuwa mita 2,591, wanda ya rufe matsin cikin jirgi da ma Adis Ababa kanta mai mita 2,355 in kwana ya kama a can. Tsofaffin na'urori ne ake saita musu tsayi da hannu.

Abu ɗaya da ya yi daidai, kuma ya cancanci a faɗa: wani abokin tafiya ya miƙo masa ƙwayar barci, ya ƙi. Magungunan barci, da na mura masu sa gyangyaɗi irin su Piriton, na ƙara sakin naman maƙogwaro, suna kuma danne farkawar da ke ceton mutum in numfashi ya tsaya. Da ya sha, lokacin da batirin ya mutu zai daɗe bai farka ba.

A ƙasar Sin

Cajar na karɓar 100V zuwa 240V, don haka wutar Sin mai 220V ba ta buƙatar taransifoma. Bakin filogi ne ya bambanta. Namu mai ƙafa uku masu faɗi irin na Ingila ne, nasu kuwa ƙafa biyu a miƙe ko uku a karkace. Wasu otal na da soket mai karɓar kowane iri, wasu babu. Adaftar da wayar ƙarin sun yi aiki tun daren farko, don soket ɗin gefen gado na tare da makunnin fitila, yana mutuwa in an kashe ta. A gwada wannan kafin a kwanta. Haka kuma a ɗakunan da sai an soka katin ƙofa wuta ke zuwa, batirin da aka bari a caji ba zai cika ba in an fita da katin.

Tataccen ruwan sha na roba, irin na Watsons, ana samunsa a ƙananan kantuna a Guangzhou. In babu, ruwan roba na yau da kullum zai yi na 'yan kwanaki. Illarsa farin dattin da yake bari a gindin mazubi, wanda ruwan khal da aka sirka ke wankewa. Sanyin na'urar sanyaya ɗaki kan sa raɓa ta taru cikin tiyo har ta riƙa ƙara. A sauke na'urar CPAP ƙasa da tsayin kai, a rage matakin laima da ɗaya.

Tafiyar Yiwu ta zo da nata sharaɗin. Daga 28 ga Yuni 2025 hukumar jiragen saman Sin ta hana shiga jiragen cikin gida da fawa bank da ba shi da tambarin 3C, shaidar ingancin kaya ta ƙasar. Baturan Alhaji an saye su ne a wata kasuwar, ba su da tambarin, kuma a ido ba su da maraba da fawa bank. Tsayawa jayayya kan cewa na jinya ne, da harshen da ba ya ji, kasada ce da ba ta da riba, tunda tafiyar ba ta wuce awa 2 ba kuma ba zai yi barci ba. Ya bar su wajen wakilinsa a Guangzhou, ya tafi da na'urar da cajarta.

A dawowa, ɗan nasa ya saita komai tun a otal, ya ɗauki hoton allon yana nuna laima a kashe da zafin tiyo a kashe, aka cika baturan biyu, aka sayi tiyo marar ɗumi. Batir ɗaya ya ɗauki barcin awa 6 da rabi bai ƙare ba. Da likita ya karanta katin bayanai bayan an dawo Kano, daren tafiya ya nuna amfani kashi biyu da giɓin kusan minti 40 a tsakani, da yoyo mai yawa. Daren dawowa ya nuna layi ɗaya marar yankewa, toshewa ƙasa da sau 5 a awa, yoyon kuma yana nan, ko da yake ya ragu. An rubuta masa ɗamarar haɓa da murfin gefe kafin tafiya ta gaba.